Abin da Aka Tono a Motar Alhaji

Tun daga bakin layi Naja'atu ta san ba lafiya ba. Get ɗin gidansu a buɗe yake, abin da Alhaji Maiwada ba ya bari ko ranar salla, ga babura sun jeru a jikin katanga, ga maƙwabta sun yi cirko-cirko suna leƙe. Ta ja hijabinta ta shige ta ƙaramar ƙofa, littattafan ɗalibanta na neman zubewa daga hannunta.

Muryar Gwaggo Sabuwa, yayar mahaifinta, ita ta fara tarar ta.

"Mi na ce maka, Maiwada? Mi na ce maka tun farko? Jikan Maguzawa ai ba ya zuwa hannu rabbana. Ga shi nan ya binne maka abu cikin mota, kana yawo da shi kamar jariri!"

Jin an ce jikan Maguzawa sai Naja'atu ta gane wanda ake nufi, don mutum ɗaya ake kira da wannan suna a gidan nan. Ta faɗa falon mahaifiyarta, Hajiya Amatullah, ta manne a jikin tagar da ke kallon harabar gida.

Ga Hilux ɗin Alhaji a tsakar fili, ƙofofinta duk a wangale. An ɓalle ɗan faifan robar da ke ƙasan rediyo, inda Alhaji ke ajiye goro da carbi da waya, yana reto a jikin wasu siraran wayoyi. A bayan faifan an manna wani abu zagayayye, nannaɗe kamar maganin sauro na kunnawa. Zaharaddeen, ɗan Gwaggo Sabuwa, yana tsaye a kai cikin shaddarsa mai sheƙi yana nuna wa mutane da tsinken sakace.

"Umma, wa ya taɓa wannan wurin?" Naja'atu ta tambaya.

Hajiya Amatullah ta juyo ta dube ta da kyau. "Yanzu Zaharaddeen ya dawo daga Danja da motar ya tono shi. Ke kuma me ya sa fuskarki ta yi haka? Kin san wani abu ne?"

Ta sani mana. Duk duniya mutum biyu ne suka san da abin nan, ita ce ta biyun.

Almustapha mai wayarin ɗin mota ne, shagonsa na kan hanyar Zariya. Yaro ne natsattse, sahun gaba a masallaci, ba ya shan ko sigari. Laifinsa ɗaya a wurin dangin Naja'atu: mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, daga wani ƙauyen Maguzawa na bayan Malumfashi ya fito, ya musulunta tun kafin ya yi aure. Da Almustapha ya nuna yana son Naja'atu, Gwaggo Sabuwa ta ce sai dai bayan ranta, ga ɗanta Zaharaddeen nan mai digiri, tuwona maina. Alhaji kuwa ba ya iya musa wa yayarsa, don ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta sayar da shanunta ta ba shi jarin da ya fara fataucin masara. Sai ya kira Naja'atu ya ce kada ya ƙara jin ta yi magana da yaron nan, ko a waya.

Ta yi biyayya, har zuwa wata ranar da Alhaji ya tafi gonarsa ta Maska bai dawo da wuri ba. Aka kira wayarsa a kashe. Aka sake kira a kashe. A wannan zamani, a wannan yanki, mai gida ya shiga daji waya ta ƙi shiga, kowa ya san abin da zuciya ke rayawa. Hajiya ta shimfiɗa darduma tana kuka, Naja'atu ta shige ɗaki ta rasa wanda za ta kira, yatsunta da kansu suka danna lambar da aka hana ta.

Can sai ga Alhaji ya shigo lafiya lau yana tauna goro, wai caji ne ya ƙare, igiyar cajar motar kuma leburori sun are ba su mayar ba. Wannan ce igiya ta ba a san adadi ba da ta bi ruwa.

Washegari Almustapha ya kira ta. "Ban yi barci ba jiya saboda kukan da kika yi. Isah direba zai kawo motar gyaran fitila. Akwai wata caja da ba ta da igiya, zan sa ta a ƙarƙashin wurin da Baba ke ajiye waya. In kankare robar ta ciki ta yi siriri, in manna, in ja wuta daga wajen laitar kunna sigari in sa mata fiyus. Da an tayar da mota ya ajiye waya, za ta riƙa ɗauka. Babu igiyar da wani zai ara. Wace irin waya yake riƙewa?"

"Babbar nan da Yaya Jibril ya aiko masa daga Dubai."

"To ta yi. Tana ɗauka."

"Amma za ka gaya masa ko?"

Sai ya yi dariya. "Haba Naja. Ta ina zan fara? In tsaya gaban mutumin da nake fatan ya zama surukina in ce ga abin da na yi maka? Ai sai ƙasa ta tsage in shige. Ko Isah ba zan gaya wa ba, bakinsa ba ya riƙe magana. Ki bar shi kawai ya riƙa ganin wayarsa a cike, ke kuma ki daina kuka."

Kunya ado ce, haka muka taso muka ji. Amma ni dai ban taɓa ganin kunyar da ta kusa kai mai ita lahira kamar wannan ba.

Hayaniyar da ta tashi a bakin get ita ta dawo da Naja'atu cikin hankalinta. An aika an kira shi, ga shi ya zo. Ya jingine babur ɗinsa a waje, ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban Alhaji, kansa a ƙasa. Rigar aikinsa ce a jikinsa, da baƙin mai a hannun.

Alhaji Maiwada na zaune kan farar kujerar roba, ƙurar gona har gwiwarsa. Ranar a motar ɗaukar masara ya tafi Maska tunda Zaharaddeen ya ari tasa, daga can aka kirawo shi a gigice.

"Kai ka sa wannan?"

"Ni ne, Baba."

Wurin ya ɗauki salati. Gwaggo Sabuwa ta tafa hannu. "Kun ji ko! Bai ko musa ba!"

"Gwaggo, ba asiri ba ne," in ji Almustapha a hankali.

"Ai ni ma na ce ba asiri ba ne, Kawu," Zaharaddeen ya karɓe. "Inna ce ke maganar asiri. Ni na san abin nan. Tiraka ce. Na'urar da ke nuna wa mutanen daji duk inda mota take. Yau kana Maska, gobe kana Mahuta, suna zaune suna kallonka. An hana shi yarinya, shi ne ya ce bari ya sayar da uban."

Kalmar da kowa ke tsoro ta fito daga bakin wani a bakin get: "Infoma!" Wani ya maimaita. Wani saurayi ya ce a kira 'yan sa-kai, har ya fara laluben lamba. Wanda duk ya zauna Funtuwa a shekarun nan ya san mutumin da aka liƙa wa wannan suna ba kasafai ake tsayawa jin ta bakinsa ba.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Mene ne wannan abin?"

"Caja ce, Baba. Cajar waya marar igiya. Da an tayar da mota aka ɗora waya a kai, sai ta ɗauka."

"Caja." Alhaji ya maimaita kamar mai ɗanɗana magani. "Isah, tayar da motar."

Isah ya murɗa makulli. Alhaji ya tashi da kansa, ya sa hannu a aljihu, ya zaro waya ya ɗora a kan faifan. Naja'atu ta dafe ƙirji, domin ba babbar ba ce. Wata 'yar ƙaramar waya ce mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro.

Aka jira. Wayar na nan kwance kamar dutse.

Abin da Naja'atu ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani a cikin gida, shi ne Alhaji bai taɓa shiga daji da babbar wayar ba. Da safe zai fita da ita a hannu iyalinsa na gani, in ya isa shagonsa na kasuwar hatsi sai ya zare layin ya mayar cikin ƙaramar, ya kulle babbar a durowa. Haka manyan manoma da yawa ke yi yanzu, don in tsautsayi ya gitta kada waya ta faɗi arzikin mai ita. Tun da aka sa cajar nan ba ta taɓa yi wa Alhaji aikin ko minti ɗaya ba.

"Baba, wannan ba za ta ɗauka ba," in ji Almustapha, zufa na bin wuyansa. "Sai babbar. Wadda aka aiko maka daga Dubai."

Alhaji ya juyo a hankali. Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Wa ya gaya maka ina da babbar waya? Wa ya gaya maka daga inda ta zo? Rabonka da ganina tun kafin a aiko ta."

Idon Almustapha ya so ya kai ga tagar falo, ya yi maza ya mayar da shi ƙasa.

"Magana nake maka!"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya faɗa ba."

"Ka ji, Kawu?" Zaharaddeen ya ce. "Har sirrin cikin gidanka ya sani. In ba infoma ba wa ke wannan bincike?"

"Yaro," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa, wadda ta fi tsawar ban tsoro, "na san mahaifinka, mutumin kirki ne. Don shi nake ba ka dama. Ka faɗi wanda ya gaya maka, ko in bar mutanen nan su tafi da kai."

"Wallahi Baba ban taɓa nufinka da sharri ba. Amma sunan nan, ko yanka ni za a yi, ba zai fito daga bakina ba."

A cikin falo Naja'atu ta saki labule ta nufi ƙofa. Hajiya Amatullah ta cafke wuyan hannunta.

"Ina za ki?"

"Umma, ni ce. Ni na gaya masa. Ni na kira shi ranar da Baba ya yi dare a Maska."

"Na sani tun da na ga fuskarki." Hawaye ya cika idon Hajiya. "Amma ki dubi wajen nan, Naja'atu. Maza ne cike, har da na unguwa. Ki fita ki ce kin karya maganar ubanki kina waya da saurayi a ɓoye? Gobe da wane ido zai shiga masallaci? Ke kuma wa zai ƙara ganin mutuncinki? Ki bari a watse, ni zan same shi a ɗaki in yi masa bayani."

"Kafin a watse sun tafi da shi, Umma! Kin san in suka tafi da mutum yadda yake dawowa, in ya dawo ke nan." Ta durƙushe ta riƙe ƙafafun uwarta tana kuka. "Saboda ni ya yi shiru. Yana can yana kare mutuncina da ransa, ni kuma ina nan bayan labule ina kare shi da nawa shirun? Umma, uwarsa na Malumfashi, shi kaɗai gare ta. In wani abu ya same shi, me zan ce wa Allah?"

"Ubanki zai iya cewa ba ke ba shi."

"Ya ce. Zan durƙusa a ƙofarsa har ya yafe mini. Fushin Baba yana da magani, Umma, kabari ne ba shi da shi."

Hajiya ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta sa gefen mayafinta ta share mata fuska, ta gyara mata hijabi, ta saki hannun.

Da Naja'atu ta fito, maza suka dare. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da Almustapha, tana fuskantar mahaifinta.

"Koma ciki," in ji Alhaji.

"Naja, don Allah ki koma," Almustapha ya faɗa ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, ni na gaya masa."

Ba ta bari tsoro ya kama harshenta ba. Ta faɗi ranar Maska, da kukan Umma a kan darduma, da yadda ta kira lambar da aka hana ta. Ta faɗi yadda ya tambaye ta irin wayar, da yadda ta ce ya sanar da shi ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Tana magana hawaye na ɗiga kan hijabinta.

"Na saɓa maka, Baba, duk hukuncin da ka yanke mini na karɓa. Amma shi ba abin da ya nema illa in an kira ka a same ka."

"La ilaha illallahu!" Gwaggo Sabuwa ta ɗora hannu a ka. "Ɗiyar Maiwada ce ke wannan rashin kunya gaban maza? Yo ai ga aikin asirin nan muna gani da idonmu!"

Jijiyar goshin Alhaji ta miƙe. Naja'atu ba ta taɓa ganin ya dube ta haka ba, abin ya soke ta har cikin rai.

"Ko da ita ta gaya masa, Kawu, wannan bai wanke shi ba," in ji Zaharaddeen da sauri. "Yaudararta ya yi ya tatsi labari. An gwada cajar tasa, ba ta yi ba. A kira mutanen nan kawai."

Sai a lokacin Naja'atu ta dube shi sosai, ta ga abin da ke damun idonta tun tana bakin taga. Zaharaddeen mutum ne da ko alwala zai yi sai ya ajiye wayarsa inda kowa zai ga tambarinta. Yau hannunsa tsinken sakace ne kawai. Wayar na can ƙasan aljihu, ya dafe ta da tafin hannu.

"Baba, ka ba ni izini in yi tambaya ɗaya."

Ba ta jira amsarsa ba.

"Tun kafin girbi abin nan ke cikin motar. Kullum kana ajiye goro a kai ba ka ga komai ba. Isah na goge wurin kowace safiya bai ga komai ba, don ba a ganin komai ta waje. Yaya Zaharaddeen ya ɗauki motar yau kaɗai. Me ya nuna masa akwai abu a ƙarƙashin roba?"

Injin Hilux na nan yana ƙara, ba a kashe shi ba.

Alhaji ya yi shekara da shekaru yana sayen hatsi, ya san buhun da aka yi wa kyakkyawan baki aka cika gindinsa da tsakuwa. Ya juya ya dubi ɗan yayarsa.

"Amsa mata."

"Kawu, ni... wani ƙara na ji. Na ji kamar wani abu na motsi."

"Ba ni wayarka."

"Kawu, ai babu..."

"Zaharaddeen."

Ya zaro ta. Alhaji ya karɓa, ya kawar da 'yar ƙaramar tasa, ya riƙe faifan da hannu ɗaya ya kwantar da ta Zaharaddeen a kai. Nan take ta yi 'yar ƙara, fuskarta ta kawo haske, alamar caji ta fito ɓaro-ɓaro kowa na gani.

Isah direba ne ya fara magana, shi da bakinsa ba ya riƙe komai. "Wallahi Alhaji haka ta yi da safe a hanyar Danja! Ya ɗora ta yi wannan kukan, har ya ce mini kai, yaushe Kawu ya waye haka?"

Saurayin da ke neman lambar 'yan sa-kai ya mayar da wayarsa aljihu a hankali. Na bakin get suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi.

"Ku tsaya!" Alhaji ya daka musu tsawa. "Ba inda za ku. Da kunnenku kuka ji an kira shi infoma, da kunnenku za ku ji sauran." Ya sunkuya ya kama hannun Almustapha, mai baƙin man nan, ya ɗaga shi tsaye. "Wannan yaro alheri ya yi mini, na kusa saka masa da mutuwa. Duk wanda ya ƙara jifansa da sunan nan, ni ya zaga. Ku kai wannan inda kuka kai wancan."

Sai da aka rufe get ya rage 'yan gida, sannan ya miƙa wa Zaharaddeen wayarsa ba tare da ya dubi fuskarsa ba. "Ka san abin da yake, ka ce tiraka ce. Ka so a kashe ɗan mutane don ka sami mata. Fita mini daga gida."

Ya juyo kan Almustapha, wanda ya riga ya koma durƙushe. "Kai kuma, wawan kirki. Wa ya ce maka ana ɓoye abu a motar mutum a wannan zamani? Da ka aiko ko Isah ya gaya mini, da duk ba a yi haka ba."

"Kunya ce, Baba."

"Kunya." Alhaji ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya. "Gobe ka zo ka mayar da shi yadda yake. Sauran abin da kake nema a gidan nan kuma, ba a shigo masa ta bayan rediyo. Ka turo manyanka ta ƙofar gaba."

Naja'atu ta dafa ƙasa tana hamdala a ranta.

Amma Almustapha bai yi godiya ba tukuna. Ya ɗago kai a karo na farko ya dubi Alhaji.

"Baba, yau na ga abin da ɓoye-ɓoye ke jawowa, don haka gara in faɗa maka tun yanzu. Babban da ya rage mini a dangin uba kakana ne, Sarkin Noma Nomau. Yana nan a kan al'adarsu ta da, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba. Zan iya hayo wani dattijo mai rawani in ce baffana ne, mutane na yi. Ni ba zan yi ba. Shi ya biya mini kuɗin koyon sana'a, shi ke tashina sallar asuba in na kwana a gidansa. In manyana za su zo, shi ne a gaba."

Gwaggo Sabuwa ta miƙe tsaye. Korar ɗanta ta riga ta ƙona mata rai, wannan kuma ta ƙarasa.

"Maiwada, dube ni nan. Ni na goya ka a bayan nan. Ni na hana kaina na ba ka. Ka kori ɗana na yi shiru. Amma ranar da tsohon nan ya zauna a zaurenka neman ɗiyarka, ka ɗauka ba ka da 'yar'uwa a duniya."

Naja'atu na kallon bakin mahaifinta kamar ranta na rataye a can. Ta san bai taɓa ce wa yayarsa a'a ba, ko sau ɗaya, tun tana yarinya.

"Yaya," in ji Alhaji, muryarsa ta dushe, "duk abin da na zama ke ce. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma ɗazu saura ƙiris in miƙa marayan nan ga masu bindiga don kada in ɓata miki. Da sun kashe shi, wa zai tsaya mini gaban Allah? Ke, ko Zaharaddeen?"

Ya juya ga Almustapha. "Ranar ɗaurin aure liman zai tsayar maka da wakili. Gaisuwa kuwa ta kakanka ce. Ka ce masa ya zo ranar Asabar, zan tarbe shi da kaina."

Gwaggo Sabuwa ta fizgi mayafinta ta nufi ƙofa, ƙafarta ba takalmi, ta bar su nan gefen tabarmar da ta zauna. Ƙaramar ƙofar ta bugu a bayanta.

Naja'atu ta ɗago don ta yi wa mahaifinta godiya, sai ta ga fuskarsa. Alhaji Maiwada, mutumin da ko ranar da rumbunsa ya ƙone bai zubar da hawaye ba, yana tsaye yana kallon ƙofar nan, ruwa na bin gemunsa. Daɗin da ya cika mata ƙirji ya gauraye da tausayi, ta fashe da sabon kuka.

"Baba, ka yafe mini."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki takalman yayarsa, ya kaɗe musu ƙura da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

"Na ba ki wanda kike so. Ni kuma uwata ce ta fita ba takalmi. Bi ta ki kai mata. Ko ta zage ki, ko ta jefe ki da su, kada ki dawo gidan nan sai kin ga ta sa su a ƙafarta."

Naja'atu ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi Almustapha, ya gyaɗa mata kai, idonsa jajur. Ta rungume takalman a ƙirjinta, ta buɗe ƙofa ta fita da gudu tana kiran, "Gwaggo! Gwaggo, don Allah ki tsaya!"

Can ƙarshen layi tsohuwar na tafiya a kan tsakuwa mai zafi, ba ta waiwayo ba. Amma ta rage sauri.